Murhu a Ɗakin Tsohuwa, Bututu a Kan Bishiya

Akwai wani mutum, maigida, a wani ƙauye can bisa duwatsu. A ƙasar nan damina ce lokacin sanyi. Ruwa yakan tsuge ya ƙi ɗaukewa, gajimare ya sauko ya zauna a bakin ƙofa, rigar da aka shanya ta ƙi bushewa, tsofaffi kuwa su ji sanyin har cikin ɓargo.

Mahaifin mutumin mai gasa burodi ne a zamaninsa. Yana da babban tanderu na itace a bayan gida. Ginin laka ne da duwatsu, amma abu biyu a jikinsa na ƙarfe ne. Na farko akwatin wuta, inda ake zuba itace, da 'yar ƙofarsa. Na biyu bututun hayaƙi, dogo mai kauri, wanda yake zama daram a kan bakin akwatin, ya bi ta rufi ya fitar da hayaƙi waje. Tare aka ƙera su, tare kuma aka ɗauko su a ka aka hau da su dutsen.

Da tsohon ya rasu, ba wanda ya gaji sana'ar. Damina ta yi ta cin lakar har tanderun ya zube, ƙarafan biyu suka kwanta cikin ciyawa.

Matar tsohon tana nan da ranta, a ɗakin da mijinta ya gina mata. Burinta ɗaya ne a duniya: ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin nan, a binne ta kusa da mijinta a gefen gonar gwaza. Sai dai tsufa ya kawo mata sanyin ƙashi. Idan ruwa ya kama, yatsunta sukan ƙage, ko zani ba ta iya ɗaurawa sai an taimake ta.

Ɗanta, maigidan nan, ba mugun mutum ba ne. Ina so a riƙe wannan da kyau, gama da mugu ne da misalin bai shafe mu ba. Shi ne ya cire wa ɗakin uwarsa jinkar ciyawa ya sa kwano, ya shafe bango da siminti, ya sa taga mai gilashi. Da ya ga yadda sanyi yake wahal da ita, ya ce a ransa, "Ga ƙarfen Baba yana lalacewa a ciyawa. Bari in shigar da shi ɗakin Mama, ya zama mata murhun jin ɗumi." Ya tono akwatin da bututun, ya kankare tsatsa, ya jingine su a tsakar gida.

A makon nan ne ƙararrawar majami'ar ƙauyen ta tsage. Ba ƙararrawa ce ta gaske ba, tsohon wilin babbar mota ne da aka rataye a bishiyar ƙofar majami'a, ana bugunsa da guduma. Da ya tsage sai ya koma kamar ana buga fasasshiyar ƙwarya. Waɗanda ke ƙetaren kwari suka daina ji, suka riƙa makara zuwa sujada.

Mai buga ƙararrawar wani dattijo ne, Barnaba, ƙanin marigayi mai burodin. Ya shigo gidan gaisuwa, ya ga bututun a jingine, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da sandarsa. Bututun ya amsa da murya mai zurfi, doguwa, har karnukan maƙwabta suka ɗaga kai.

Barnaba ya ce, "Kai, ɗana, wannan ai mawaƙi ne. Duk shekarun nan yayana ya cusa masa hayaƙi a maƙogwaro, bai bar shi ya yi waƙa ba?"

Maigidan ya yi dariya ya ce, "Na ɗakin Mama ne, Baba."

"Akwatin ne na ɗakin Mamanka. Ka taɓa ganin wanda ya ji ɗumin bututu?"

Maigidan ya yi ta juya maganar nan a ransa. Ya ce, "Gaskiya ne, akwatin ne mai ba da zafi. Hayaƙi kuwa ai da shi muka tashi, bai kashe kowa ba. In ba uwata akwatin, in ba Allah bututun. Bayan girbin acca sai in sauka birni in sa a ƙera mata wani." Bai tuna ba cewa ɗakunan da suka tashi a ciki na ciyawa ne, hayaƙi yakan bi ta cikin jinka ya fice. Ɗakin uwarsa kuwa da hannunsa ya toshe shi.

Ran Lahadi aka rataye bututun a bishiya, aka yi addu'a a kansa, aka keɓe shi. Barnaba ya ɗaga guduma ya buga, mutanen ƙetare suka ji, suka zo da wuri. Cikin sujada shugaban dattawan ikilisiya ya tashi ya ce, "Ga ɗa a cikinmu wanda ya ɗumama uwarsa, ya kuma ba gidan Allah murya, duka a mako ɗaya." Mata suka yi guɗa.

Bisa ga al'adar wurin, wanda aka yi wa alheri yakan fito da rawa zuwa gaba, ya yi godiya a idon jama'a. Tsohuwar ta tashi da sandarta, ta taka a hankali har gaba, mata suna bin ta da waƙa. Ta ce, "Ɗana ya rufa mini asiri. Allah ya rufa nasa." Jama'a suka ce amin.

Da yamma aka hura mata wuta a akwatin. Ƙarfen ya ɗauki zafi, yatsunta suka saki, ta yi murna ƙwarai. Amma bakin da bututu ya kamata ya zauna a kai a buɗe yake. Hayaƙi ya fito ta nan ya tashi sama, ya iske kwano, ya dawo ƙasa.

Daga ranar nan tsohuwar ta rasa inda za ta sa kanta. Idan ta rufe ƙofa, hayaƙi ya cika ɗakin har ba ta ganin gadonta. Idan ta buɗe, iska ta shigo da feshin ruwa ta kwashe ɗumin. Idan ta kashe wutar, ƙasusuwanta su hana ta sakat. Ta gwada kowanne, ta zaɓi hayaƙi, gama shi ciwonsa ba nan take ba ne.

Maigidan ya ga hayaƙin. Ya zare bulo ɗaya daga saman bango, amma iskar dutse ba ta barin hayaƙi ya fita ta rami, ciki take tura shi, ta biyo shi da ruwa. Ya mayar da bulon, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, girbi ya kusa."

Ta ce, "Ba kome, ɗana."

Acca kuwa a lokacin ko kai ba ta fitar ba.

Ikilisiya ba ta yi watsi da ita ba. Ku ji abin da suka yi. Zumuntar maza suka ji cewa tsohuwa ta sami murhu, suka yi gayya suka saro mata itace, suka jibge a ƙofarta. Ɗanye ne, jiƙaƙƙe, irin wanda hayaƙinsa ya fi wutarsa. Zumuntar mata suka zo gaisuwa da rana tsaka, lokacin da wutar take a kashe, suka ga bango ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto daga rufi. Suka ce, "Ashsha, ɗakin Mama ya yi datti." Suka dawo da farar ƙasa da tsintsiya, suka shafe bangon fes, suna waƙa. Da ya sake yin baƙi suka sake shafewa. Da suka ji tana tari suka kawo mata zuma da citta. Ba wadda ta tambayi abin da yake baƙanta bangon, gama dukansu sun sani, dukansu kuma sun yi guɗa ranar da aka rataye bututun.

Wata rana Barnaba ya leƙo. Tsakaninsa da matar yayansa akwai wasa tun suna da ƙuruciya.

Ya ce, "Matata, ya idonki ya yi ja haka? Har yanzu kukan yayana kike, ga ni da raina?"

Ta ce, "Tafi can, raggon miji. Wa zai rasa mai burodi ya share hawaye da mai guduma?"

"Gudumar nan ita ke tara gari. Lahadin da ya wuce mutanen ƙetare sun riga mu zama."

Tari ya sarƙe ta, ya daɗe bai sake ta ba. Da ta sami numfashi ta ce, "Ina jin sa daga nan. Muryarsa da daɗi. Da yana gidan nan ban san yana da murya ba. Na dai san ɗakin burodi bai taɓa sa ni hawaye ba."

Barnaba ya gane. Ya dubi bakin akwatin, ya dubi rufin, ya ce, "Sanyin bana sai haƙuri." Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ƙara leƙowa ba.

Tsohuwar tana da 'ya, Afiniki, ƙanwar maigidan, wadda take aure a wani gari mai zafi can ƙasan duwatsu. Da damina ta yi nisa, ta hau dutsen da doya da manja don ta gai da uwarta. Ta same ta zaune a waje a gindin bango, lulluɓe da bargo, yayyafi yana jiƙa mata ƙafa, hayaƙi kuma yana fitowa ta ƙofar da ke bayanta. Afiniki ta tsaya a gabanta. Tsohuwar ta ɗaga kai, ta ƙura mata ido, ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga zumunta kike?"

Afiniki ta sauke kayanta a hankali ta ce, "Mama, ni ce."

Ta shiga ɗakin, ta fito tana share ido, ta nufi yayanta inda yake gyaran ƙotar fartanya.

Ta ce, "Yaya, ina bututun Baba?"

"Yana majami'a. Shi ne ƙararrawarmu yanzu."

"Je ka kwanto shi."

"Ke Afiniki, daga zuwanki? Ko ruwa ba ki sha ba. An yi addu'a a kansa. Da wane ido zan dubi jama'a in ce a ba ni abin da na ba Allah?"

"Da idon da kake da shi. Mama ce nata yake tafiya."

"Na ce bayan girbi zan sa a ƙera wani."

"Ka gaya wa ƙirjinta ya jira girbi?"

Maigidan ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, sai dattawa. Afiniki ta bi su gida gida har suka taru a ƙarƙashin bishiyar, bututun yana reto bisa kawunansu. Ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, ta ce, "Iyayena, ban zo roƙon kyauta ba, aro nake nema. Ku ba mu shi zuwa ƙarshen ruwa. In rana ta fito mu mayar."

Shugaban dattawa ya ce, "'Yata, mun ji, ranmu kuma ya ɓaci. Amma abin da aka keɓe an keɓe shi. In muka kwance wannan yau, gobe wanda ya ba da benci zai zo ya ɗauki bencinsa."

Ta ce, "Baba, in uwar mai bencin a ƙasa take kwana, ya ɗauka mana."

Wani dattijo ya ce, "To da me za a kira mutanen ƙetare?"

"Da abin da aka kira iyayensu kafin mota ta zo ƙasar nan. Baba Barnaba yana da baki, akwai ƙaho a garin nan."

Barnaba ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da sandarsa.

Sai shugaban ya ce, "Bari in tambaye ki. Ita uwarku ta kawo ƙara? Mu godiyarta muka ji, a gaban kowa. In ta zo da bakinta ta ce a mayar mata, sai mu duba." Suka yi addu'a domin lafiyar tsohuwa, suka watse.

Afiniki ta koma wurin uwarta ta ce, "Mama, magana ɗaya suke so daga bakinki. Ki ce a dawo da shi. Ni zan goya ki har can."

Tsohuwar ta ce, "Na yi rawa, Afiniki. Da ƙafata na taka har gaba, na sa wa yayanki albarka kowa yana ji. Yau in koma in tsaya a wurin in ce ɗana ya cuce ni, Allah kuma ya riƙe mini kaya? Gara hayaƙin."

"To ni zan hau in kwance shi."

"In kin hau bishiyar nan, ni kika tsiraita."

Afiniki ta ga abu biyu ne suka rage mata, ko ta bar uwarta a ɗakin, ko ta tafi da ita. Ta ɗaure mata kayanta a bargo. Tsohuwar ta riƙe ƙyauren ɗakin ta ce, "Wa zai cire wa kabarin babanku ciyawa?" Ruwa ya cinye hanyar mota, don haka maigidan ne ya goyi uwarsa a bayansa ya sauko da ita dutsen, tana tari a wuyansa, har inda mota take tsayawa. Ya ce, "Bayan girbi zan zo in ɗauke ki, Mama."

Ta ce, "Allah ya kai mu."

A garin mai zafi ba ta bukaci wuta ba, amma tarin ya riga ya shiga ciki. Aka kai ta asibiti, aka ce hayaƙi ya ci ƙirjin, idon kuma sai abin da ya rage. Ta zauna a zauren surukinta cikin mutanen da ba ta jin yarensu, tana tambaya ko ruwa ya ɗauke a gida. Kafin acca ta nuna, ta rasu. Kogi ya cika, ba a sami yadda za a hau da ita dutsen ba, aka binne ta a can cikin baƙi.

Da labari ya kai ƙauyen, mutane suka ce, "Tsufa ne." Aka yi zaman makoki, zumuntar mata suka dafa abinci, dattawa suka yaba haƙurinta. Maganar bututu kuwa ba ta ƙara tashi ba, gama wadda aka ce ta kawo ƙara ba ta kawo ba.

Ga ma'anar misalin nan, kuma ba zan sa mata zuma ba.

Tsohuwar ita ce duk wanda Allah ya ɗora nauyinsa a wuyanmu, wanda ƙarfinsa ya ƙare ko bakinsa ya ɗaure: uwa, uba, gwauruwa, tsohon ma'aikacin da ya gaji. Akwatin wuta shi ne taimakon da ido yake gani, wanda ake sanarwa. Bututun shi ne sauran taimakon, wanda ba a ganinsa, ba a yabonsa, amma in babu shi na farkon yakan koma cuta. Bishiyar kuwa ita ce duk inda muke rataye haƙƙin marasa ƙarfi don ya yi ƙara da sunanmu.

Ku malaman makarantar Lahadi, kada ku karanta wa yara wannan ku rufe takarda ku ce an gama. Yara ba su rataye kome ba. Ku karanta shi inda iyayensu suke zaune.

In na tambaya laifin wane ne, na san wani zai ce na maigida ne. Na koyar a aji har kaina ya yi fari, ban taɓa karɓar rabin amsa ba, wannan kuwa rabi ce. Maigida ya yi kuskure, ya raba abin da aka ƙera tare, ya ba uwarsa zafi ya hana ta iska. Amma kuskuren rana ɗaya ne, da an gyara shi da tsani da wuƙa. Abin da ya mai da shi mutuwa shi ne dukan waɗanda suka gani suka kau da kai. Barnaba ya gane, ya koma maganar sanyi. Mata sun ga baƙin bango, suka kawo farar ƙasa. Maza sun ƙara itace. Kowa ya yi alherin da ba zai taɓa ƙararrawarsa ba.

Mafi muni shi ne abin da dattawa suka yi. Sun san tsohuwa ta yi rawa. Sun san a ƙasarmu wanda ya yi godiya a gaban jama'a ba ya komawa ya kawo ƙara, ko zai mutu. Da saninsu suka ce, sai ta zo da bakinta. Wannan ba shari'a ba ce. Kulle ƙofa ne, a miƙa mabuɗi ga wanda hannunsa ya ƙage.

Game da maganarsu cewa abin da aka keɓe an keɓe shi, ina tambaya: wa ya keɓe, kuma kayan wa? Bututun nan numfashin tsohuwa ne tun kafin a yi addu'a a kansa. Addu'a ba ta mai da kayan wani su zama naka, balle ka bayar da su. Allah bai taɓa roƙon kowa numfashin uwarsa ba. Wanda ya halicci tsawa ba ya bukatar bututun mai burodi kafin a ji shi.

Kada kowa ya ce wannan labarin wani ƙauye ne mai nisa. A cikinmu akwai gwauruwa wadda take noman ganyen miya a bayan majami'a tun mijinta yana da rai. Mun zagaye wurin da katanga don a sami inda za a ajiye babura, ranar mata kuma muka ba ta atamfa, ta fito ta yi rawa. Ku tambaye ta inda take samun miya yanzu. A'a, kada ku tambaye ta, za ta ce ba kome. Ku je ku buɗe tukunyarta. Akwai tsohon mai bishara da muka fitar daga gidan ikilisiya muka sa a sito, muka saya masa katifa da sanarwa da tafi, amma banɗakin yana bisa matakala, gwiwarsa kuwa ba ta hawa. Akwai uba kwance ba lafiya, 'ya'yansa duka suna ƙungiyar mawaƙa, kullum suna wurin koyon waƙa, sun ajiye masa rediyo a gefen gado don ya ji wa'azi. Ba wa'azi ya rasa ba, mai juya shi ya rasa. Ban ambaci suna ba, ba don ban sani ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba, haƙƙi ne.

Ku daina zuwa gaisuwa da rana tsaka. Ku je a lokacin da wuta take ci, ku rufe ƙofa, ku zauna tare da mai ɗakin har idonku ya gaya muku abin da bakinsa ba zai faɗa ba. In kun gani, kada ku koma neman farar ƙasa. Abin da aka ɗauke shi za a mayar, ba zuma da citta ba. A fasa wa gwauruwa ƙofa a katangar, a ba ta gonarta, babura su tsaya a titi. A sauke wa mai bishara matakala ko a canja masa ɗaki. 'Ya'yan mara lafiya su raba kwana, ƙungiyar mawaƙa ta yi waƙa da murya ɗaya ƙasa da yadda ta saba.

Kada a jira girbi. Kada a jira su kawo ƙara, gama mu muka ɗaure bakinsu da rawar godiya, mu kuma za mu kwance shi. A gaban jama'a aka yaba wa mai bayarwa, to a gaban jama'a zai tsaya ya ce, "Na ba da abin da ba nawa ba ne." Dattawan da suka yi addu'ar keɓewa su ne za su riƙe tsani. Wanda ya ga wannan kunya ce, ya tuna an binne tsohuwa cikin baƙi don a rufa wa ɗanta irin wannan kunyar.

Na sani, Lahadin da aka kwance bututu daga bishiya gari zai yi shiru, mutanen ƙetare kuma za su makara. Su makara. Wanda ya makara sujada zai zo wani Lahadin. Tsohuwar da aka goya aka sauko da ita daga dutse ba ta komowa.